Wace Na'urar Naɗe Zaren Fatsa Ta Dace Da Kotona?

Tambaya: Malam, na ga na'urorin naɗe zare biyu na kamun kifin bas, kamarsu ɗaya, sai dai ɗaya an rubuta mata 5.4:1, ɗayar kuma 7.1:1. Wacce zan saya?

Amsa: Lambar tana nuna yawan juyin da kwarkwaron zare yake yi duk lokacin da ka murza hannun sau ɗaya. Mai 5.4:1 ta dace da koton roba mai leɓe wanda yake nutso, domin yana turjiya cikin ruwa, jansa a hankali kuma ba ya gajiyar da hannu. Tanar roba da kwaɗon roba kuwa sun fi son mai 7.1:1, saboda tana kwashe zaren da ya saki da sauri kafin ka fizgi ƙugiya. In ɗaya kaɗai za ka saya, ni dai mai saurin zan ɗauka.