A-kori-kurar Gado: Da Me Za a Fara, Fenti ko Inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gaji a-kori-kura daga mahaifinmu, Toyota Hilux ƙirar 1984 mai injin fetur 22R. Ta kai shekara 12 a ajiye ba a tayar da ita ba. Ina so in dawo da ita kan titi, in yi mata fenti, in ɗaga ta, in sa manyan tayoyi da ƙarin fitilu. Wani ya ce in fara da fenti don tsatsa ta tsaya, wani kuma ya ce in cire injin in sa na zamani. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku.

Duka shawarwarin biyu ka jingine su tukuna. Fenti shi ne aikin ƙarshe, injin kuma ba a yanke masa hukunci sai an gwada shi. Shasi, wato ƙarfen ƙarƙashi da ke ɗauke da motar gaba ɗaya, shi ne zai gaya maka ko motar ta cancanci a kashe mata kuɗi, don haka daga ƙarƙashi za ka fara.

Hilux ta wancan zamani bodinta zaune yake a kan shasi, ana iya raba su. Ƙarfen shasin rufaffe ne kamar bututu mai kusurwa huɗu, ruwa da laka kan shiga ta ramukansa su kwanta, tsatsa ta riƙa ci daga ciki. Shi ya sa za ka ga waje lafiya lau alhali ciki ya zama ɓawo. Ɗaga motar ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, kada ka taɓa shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai. Wanke lakar, ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi ƙarfen taku-taku. Mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji duf, wani lokacin ma sukundireba ta huda shi. Ka fi tsayawa a inda sifirin na baya suke maƙale, da gefen tankin mai, da inda shasin ya lanƙwasa ya haye aksul na baya. Sannan ka auna shi a gicciye: daga wani rami na gaban hagu zuwa takwaransa na bayan dama, ka maimaita a ɗaya ɓangaren. Bambancin da ya wuce kamar milimita 6 alama ce ta shasi ya karkace, kuma motar da shasinta ya karkace ba ta daina cin taya ko an saita ta sau nawa.

Rami ɗaya ko biyu mai walda zai iya maganinsu, da sharaɗin a yanke ruɓaɓɓen har a kai ga ƙarfe mai kyau, a sa faci mai kauri daidai da na asali, a ƙara wani falle a kai mai zagayayyun kusurwoyi. Ɗinkin walda miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa shi ne inda tsagewa take farawa daga baya. A cire tanki da batir kafin a kunna wuta. Kuma a kiyaye lambar shasi, kada a goge ta, kada faci ya rufe ta, domin ita ce shaidar motar a takarda. Idan kuwa ruɓar ta bi dogon wuri a ɓangarorin biyu, neman wani shasin ya fi faci.

Sai inji. Babban kuskure shi ne a kawo batir a murɗa makulli "a ji ko za ta tashi". Bayan shekara 12 babu ɗigon baƙin mai a jikin silinda ko a kan boris, ringi kuma yana iya manne da tsatsa. Murɗawa ɗaya ta isa ta karya ringi ko ta kankare silinda. Cire fulogi huɗun, zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya zuwa biyu a kowane rami, a bar shi kwana biyu. Daga nan ka sa sufana mai lamba 19 a kan notin fulin karanshaf ka juya da hannu, zagaye biyu cikakku. In ya cije kada ka tilasta, ƙara mai ka jira. In ya juya, zubar da tsohon baƙin mai, canza filta, cire wayar kwayil, ka yi ta bugun kik ba fulogi har fitilar mai ta mutu. Yanzu ne mai ya zagaya.

Fetur ɗin da ke tanki ya riga ya zama danƙo, kada ya kusanci kafireto. A sauke tanki a wanke, a hura bututun ƙarfen, a canza duk tiyon roba da filtar mai. Fetur na yanzu a wurare da yawa yana ɗauke da sinadarin etanol, wanda ke cin tsohuwar roba, tiyon da ya tsage a kan inji mai zafi kuwa gobara ce. Kafireton a kwance shi gaba ɗaya a jiƙa, a sa sabbin gasket da allurar fulot. Ranar tayarwa ta farko ka ajiye tukunyar kashe gobara kusa.

Idan ta tashi ta ɗumama, a gwada matsin kowace silinda, totur a buɗe. Daidaituwar lambobin ta fi girmansu muhimmanci: kada wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokalin mai ka sake gwadawa. In lambar ta hau, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare galibi gasket ɗin kan inji ne ya ƙone a tsakaninsu. Kafin ka zargi bawul dai ka saita su, domin na 22R da hannu ake saitawa, inji na da zafi: tazarar milimita 0.20 ga bawul na shiga, 0.30 ga na fita.

Akwai cuta guda da aka san wannan injin da ita. Daga 1983 Toyota ta koma sarƙar tayimin (wadda ke daidaita lokacin buɗewar bawul) mai layi ɗaya da majinginar roba. Sarƙar na saki, majinginar ta karye, sarƙa ta riƙa gogar murfin gaba har ta huda hanyar ruwa, ruwan lagireto ya gauraya da baƙin mai. Alamarta ta farko ƙaras-ƙaras ce a gaban inji na 'yan daƙiƙu bayan tayarwa. Buɗe murfin bawul ka haska tocila ƙasa, za ka ga ko majinginar na nan. Tunda motar a kwance take, canza sarƙar da haƙoranta da abin ɗame ta duka, ka nemi majingina mai bayan ƙarfe, a sauke kaskon mai a kwashe gutsattsarin robar kada su toshe matatar famfo. Kan injin alminiyam ne a kan gangar ƙarfe, ba ya jure zafi, saboda haka lagireto da famfon ruwa da tamostat da tiyoyinsu da fambel ba wurin tsimi ba ne.

A ganinmu, in matsi ya daidaita ka bar 22R a wurinsa. Ba shi da gudu, amma yana da sauƙin gyara kuma kayansa ba su ɓace ba. Injin zamani yana zuwa da kwamfutarsa da wayoyinsa da famfon mai mai ƙarfin matsi, ga sabbin ƙafafun inji, ga neman yadda zai haɗu da giyabos, ga kuma dokar ƙasarka game da canza inji a takardun mota. Motoci da yawa a nan suke maƙalewa, rabi a haɗe rabi a kwali.

Ko da injin ya yi daɗi, kada motar ta taka titi sai an gama birki. Man birki yana shan danshi, cikin shekaru sai ya tsatsar da silindojin daga ciki. A canza masta (babbar silindar birki) da silindojin tayoyin baya, a kwance kalifa (abin da ke matse birkin gaba), a sa sabbin tiyoyin roba ko da tsoffin ba su nuna tsagewa ba, don sukan kumbura ta ciki su riƙe birki. Bututun da ya yi tsatsa a canza shi dungurungum da na ƙarfe ko na haɗin tagulla da nikel, bakinsa mai ninki biyu. Tagulla zalla ba ta shiga birki. A cika da man birki mai lamba DOT 3 ko DOT 4, a fitar da iska daga tayar da ta fi nisa da masta. Haka za a yi wa kuloci. Boris na ƙafafu a wanke a sa sabon giris, a duba tayarod da bushin da shakazoba, a canza man giyabos da na aksul. Tayoyin kuwa a zubar ko zanensu bai ci ba. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke jikin taya su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2311 na nufin mako na 23 na 2011.

Yanzu ga kwalliyar da kake so. Babbar taya tana da farashin da ba a biya a shago. Idan ka tashi daga mai tsayin inci 28 zuwa 31, ka ƙara kusan kashi 11 cikin 100: allon gudu zai nuna 100 kana kan 111, motar za ta yi nauyin tashi, birki zai ƙara wahala, kuloci zai ƙare da wuri. Inci 30 ko 31 ita ce iyakar da za mu ba da shawara, fiye da haka sai an canza haƙoran aksul. Ɗagawa kuma kada ta wuce inci biyu, a yi ta da sifirin da shakazoban da aka ƙera don haka, ba a cusa tubalin ƙarfe a aksul na gaba ba. Ga abin da ake yawan mantawa: a bayan waɗannan motoci akwai bawul mai rage ƙarfin birkin baya idan ba kaya, yana gane nauyi ta wata sanda da ke haɗe da aksul. Ka ɗaga mota ba ka ɗaga mazaunin sandar daidai da haka ba, bawul ɗin zai ɗauka kullum fanko take, birkin baya ya raunana ko da ka yi lodi. A kuma tabbata tiyoyin birki sun isa idan sifirin ya miƙe.

Fitilu lissafi ne. Biyu masu wat 100 a kan bolt 12 suna jan kusan amfiya 17, altanetar asali kuma galibi ba ta wuce amfiya 60 ba. Ka zaɓi na LED, ka ja musu waya tasu daga batir ta hanyar rile (makunni mai ɗaukar nauyin wutar), da fis kusa da batir ɗin. Kada a datsi tsohon wayarin a jona. Kafin nan a goge duk wuraren da wayar at (wayar nagatif) take ɗaure da bodi da inji, domin rabin "aljanun" wutar tsohuwar mota daga nan suke.

Fenti sai motar ta yi 'yan makonni tana tafiya, an gama kwance-kwance da ɗigar mai. Fenti ba ya tsayar da tsatsa, rufe ta kawai yake yi, ta kumburo bayan 'yan watanni. A yanke wuraren da suka huje, musamman daɓen gaba da ƙasan ƙofofi da bakin gilashi da kwandon baya, a yi walda. A kankare zuwa farin ƙarfe, a fesa faraima ta efoksi a ranar, kafin danshi ya taɓa shi. Bodi-fila kada ta wuce kaurin milimita 3, in ana bukatar fiye da haka aikin fanal-bita ne bai kammala ba. Samfefa daga mai lamba 80 zuwa 180, a ƙare da 400 kafin launi. Fentin da ake haɗawa da hadna (sinadarin da ke taurara shi) yana da guba ga huhu, ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi. Cikin shasi da ƙofofi a fesa kakin hana tsatsa, a bar ramukan fitar ruwa a buɗe.

Lambar launin asali tana kan ɗan farantin ƙarfe da ke ɗakin inji, in kana son ta koma yadda mahaifinku ya tuƙa ta. Duk abin da ka cire na asali, sitiyari ne, wili ne, kujera ce ko tambarin jiki, ka ɗauki hotonsa a mazauninsa, ka sa notinsa a leda ka rubuta suna, ka adana. Irin waɗannan ƙananan kaya sun fi fistan wahalar samu.