Amsar tambayar Malama a kan "jefi-jefi"

Assalamu alaikum warahmatullah, jama'ar wannan zaure. Malama ta tambaya ko "jefi-jefi" da "lokaci-lokaci" ma'anarsu ɗaya ce, domin ta ga ɗalibanta suna sanya ɗaya a gurbin ɗaya. Gaskiya suna da kusanci, amma akwai bambancin da bai kamata mu bari ya ɓace ba.

Kalmar ta samo asali ne daga jifa, shi ya sa ma wasu ke cewa "jifa-jifa". Idan mutum ya watsa tsakuwa a fili, ba ya iya ƙayyade inda kowace za ta faɗa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba za ta zo daidai ba. To, haka abin da ke faruwa jefi-jefi yake: ba ya yawaita, sannan ba a san ranar zuwansa ba. Wannan sharaɗi na biyun shi ne ɗalibai ke mantawa da shi. Kasuwar Wudil tana ci ranar Juma'a, ta Maigatari kuma ranar Alhamis, don haka kuskure ne a ce suna ci jefi-jefi, ko da yake ba kullum ake cinsu ba, tunda kowane falke ya san ranar da zai tashi. Amma ruwan farkon damina, wajen watan Mayu, wanda zai sauka yau ya ɗauke kwana goma, ya sake yayyafi ya kuma ɗauke har manomi ya rasa ko ya yi shuka ko ya dakata, wannan shi ne ainihin ruwan jefi-jefi. Idan Agusta ta kama aka shiga marka, sai a ce ana ruwa a kai a kai.

Ana kuma amfani da ita wajen wuri, kamar a ce gidajen rugar jefi-jefi suke, ko furfura ta fara fito masa jefi-jefi. "Lokaci-lokaci" ba ta shiga nan sam.

Abin da ya sa na damu da wannan bambanci, Malama, shi ne asibiti. Marar lafiyar da zazzaɓi ke rufe shi kowace yamma, idan ya gaya wa likita cewa jefi-jefi yake jin sa, ya ɓoye masa alamar da yake nema, domin likita yana son sanin ko ciwon yana da ƙa'idar dawowa. Ki gwada ba ɗaliban naki misalin kasuwa da na ruwan Mayu, ki ce su kawo nasu. Wassalam.