Ga ƙanena mai son tahowa Amurka da Fijon mahaifinsa

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso ni a nan Baltimo, na kuma taya ka murnar samun gurbin digiri na biyu a Ohayo, Allah ya sa albarka a karatun. Ka ce marigayi Alhaji, Allah ya jiƙansa, ya bar Fijo 504 haɗin Kaduna ta 1986, wadda ya ciro sabuwa dal, har yau da an murɗa makulli take tashi, kuma ranka bai so ka tafi ka bar ta tana lalacewa a gindin darbejiya. Kana tambaya ko za a bar ta ta shigo, nawa za ta ci maka, sannan ko gaskiya ne abin da wani ya gaya maka cewa Turawa na rububin tsofaffin motoci, ko ka gaji da ita za ka sayar ka ci riba.

Doka ta yarda ta shigo. Amma ni shawarata kada ka taho da ita yanzu. Ka zo tukuna, ka zauna da gindinka, sannan ta biyo ka.

Tun 1988 Amurka ta yi dokar da ta toshe shigo da motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idojin kariyar ƙasar ba, sai dai in ta cika shekara 25 da ƙerawa. Daga watan da ta fito daga masana'anta ake lissafi, ba daga ranar da aka saye ta ko aka yi mata lamba ba. Ita kuma hukumar kare muhalli, EPA, shekara 21 ta ce, amma da sharaɗin motar tana nan da injinta na asali, ko wanda yake daidai da shi. Takarda biyu ake cikawa a kan wannan, HS-7 ta ma'aikatar sufuri da 3520-1 ta EPA. Ta Alhaji ta haye shekarun nan biyu da nisa. Sitiyarinta ma ba matsala, tunda Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, irin na nan ke nan.

Inda gizo yake saƙa shi ne hujja. Jami'in kwastan na nan bai san Alhaji ba, bai san tarihin motar ba, lamba da takarda kawai yake dubawa. Kuma 504 tana da wani abu da ke ƙara masa shakka: a Faransa ta fara fitowa a 1968, kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri a 1975, aka ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har bayan shekara ta 2000, siffarta kuwa kusan ba ta sauya ba. Wato ido kaɗai ba zai raba ta 1986 da ƙanwarta da ta fito shekara goma sha biyar bayanta ba. Don haka tun kafin ka yi maganar jirgi da kowa, ka ɗaga bonet ka nemi ɗan farantin ƙarfen nan da masana'anta ta manna, ka goge ƙura da baƙin mai, ka karanta lambar da ke kai harafi bayan harafi. Ka gwada ta da wadda aka buga a jikin bodi, ka gwada da ta cikin takardun mota. Ka duba lambar inji ita ma. Idan harafi ɗaya ya saɓa, a gida za ka gyara takardar ta hanyar hukuma, ba bayan motar ta sauka a tashar jirgin ruwa ba.

Na san yadda muke riƙon mota a gida. Inji ya buga, sai a nufi Fanteka ko Ƙofar Ruwa a sayo ɗan Beljiyam a ɗora, ba wanda ya damu ya rubuta. Bodi ya ruɓe, sai mai walda ya yanko na wata ya haɗa, ya ciro farantin ya mayar da sabbin ƙusoshi. A wurinmu dabara ce ta rayuwa, a wurinsu kuwa faranti mai sabbin ƙusoshi alamar an yi wa mota sojan gona ce. Kuma ba sa wasa da wannan. A 2013 a nan Baltimo kwastan suka murƙushe wata Land Rover Defender da aka sauya wa lamba don ta yi kama da tsohuwa, a 2014 suka yi wa wata Mini haka a Niyu Jasi, suka ɗauki hoton bidiyo suka watsa don kowa ya gani. Ka je ka tambayi bakaniken da ya saba duba wa Alhaji ita, ya gaya maka tsakaninsa da Allah abin da aka taɓa sauyawa. In an ɗora mata injin wata mota dabam, to kariyar shekara 21 ɗin nan ta EPA ta shiga shakka, sai ka nemo irin nata na asali ka mayar.

Akwai kuma batun da ba ka ambata ba, ni kuwa a ganina shi ne kan gaba. Motar nan gado ce. In ba a riga an raba an ce ta faɗo a rabonka ba, ba taka ba ce kai kaɗai, akwai haƙƙin Hajiya da 'yan'uwanka a ciki. Ku zauna, a yi mata kuɗi, kowa ya yafe ko ka biya shi, a rubuta da shaidu, sannan a mayar da takardun da sunanka. Ko don kwastan ma dole ka yi haka, domin sunan da ke takardar mallaka da wanda ke takardar jirgi ya kamata su zama ɗaya. Duk wata tsohuwar takarda da ke cikin akwatin Alhaji, rasit ɗin saye, lasin na shekarun baya, littafin sabis, kada ka yar da ko ɗaya.

Ɗaukowa hanya biyu ce daga Legas. Ko jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita cikinsa a ɗaure, wanda ya fi araha amma dole ta tashi da kanta kuma za ta bi ta hannaye da yawa, ko kwantena, wadda ta fi tsada amma ta fi sutura. Ga motar da madubinta ko ɗan zakin nan na gaba in ya ɓace sai ka sha wahala kafin ka samu, ni kwantena zan zaɓa. A wanke ƙarƙashinta fes, domin ma'aikatar gona ta nan ba ta yarda da ƙasar wata ƙasa ta shigo manne da mota ba, jar ƙasar da ta daskare a bayan taya tana iya sa a tsare ta. Kada ka cika but da tsaraba. Kilishi haramtacce ne a shigo da shi, kuma kada ka karɓi saƙon kowa, ko na wa ne. A gabanka ko gaban wanda ka amince da shi za a rufe kwantenar. Sannan akwai sanarwar da ake kira ISF, wadda dole a aika wa kwastan na Amurka aƙalla awa 24 kafin a ɗora kaya a jirgi, tarar sakaci da ita tana kai dala 5,000. Saboda haka ejan mai lasisi na wannan ɓangaren za ka fara samu kafin na Legas.

Harajin asali na ƙaramar mota kashi 2.5 cikin ɗari ne na darajarta. Ka gode wa Allah ba a-kori-kura Alhaji ya bari ba, don ita kashi 25 ake caza tun 1964, sanadin wata rigimar cinikin kaji da aka yi tsakanin Amurka da Turai. Daga 2025 an yi ta ƙara haraji kan kayan da ke shigowa, don haka ejan ne zai lissafa maka na ranar. Amma ba haraji ke karya mutum ba. Kuɗin kai ta Legas ne, da na jirgi, da na ejan biyu, da na tasha, da na motar da za ta ja ta zuwa Ohayo. In kwastan suka zaɓi kwantenarka don bincike, kai za ka biya kuɗin binciken, kuɗin ajiya kuma yana hawa kullum. Ka sa a ranka dubban daloli ne, kuma zai yi wuya jimillar ba ta wuce kuɗin motar kanta ba.

Wani zai ce maka ai baƙo yana iya shigowa da motarsa ba haraji. Gaskiya ne, amma na shekara ɗaya tak, ba a ƙarawa, ba a sayarwa, dole ta fita. Karatunka ya wuce haka, ba hanyarka ba ce.

Fitowa daga tasha ma ba ƙarshen tafiya ba ne. Gwamnatin tarayya ce ke barin mota ta shigo, amma jiha ce ke ba ta lamba, kowace da tsarinta. Kalifoniya ta fi kowa tsanani kan hayaƙi. Nan Merilan akwai lambar motocin tarihi, sai dai ba a yarda ka riƙa zirga-zirgar yau da kullum da ita ba. Kamfanonin inshorar tsofaffin motoci yawanci suna so su ga kana da wata motar hawa, da gareji mai rufi, da tarihin tuƙi a ƙasar, sabon ɗalibi kuwa ba shi da ko ɗaya. Bizar ɗalibai ta F-1 awa 20 ta yarje maka aiki a mako lokacin karatu, a cikin makaranta. Abin da za ka samu haya da abinci da inshorar lafiya za su lamushe shi. Ga hunturun Ohayo, inda ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Ƙarfen da ya shekara kusan arba'in a busasshiyar iskar Arewa ba tsatsa, hunturu biyu a kan gishirin nan ya isa ya fara cin ƙasanta. Fijo kuma ta bar kasuwar Amurka tun 1991. Bakaniken da ya san kafiretarta ɗaiɗai ne, da awa yake caza, kayan gyara sai an yi odar su daga ƙetare. Abin da yaron shago zai gyara maka a Fanteka kafin la'asar, nan sai ka yi makonni kana jira.

Maganar riba ka cire ta daga lissafi. 504 ɗin da masu tara motoci ke zuba wa kuɗi su ne masu ƙofa biyu da masu buɗaɗɗen kai da kamfanin Pininfarina na Italiya ya yi wa bodi. Mai ƙofa huɗu irin ta Alhaji tana da masoya, amma kaɗan ne, ba kuma masu biyan abin da zai mayar maka da kuɗin jirgi ba. In za ka kawo ta, ka kawo ta don ta mahaifinka ce, wannan dalili ya isa, ni ma ina girmama shi.

Jinkiri ba ya rage mata komai a wurin doka, tunda shekaru ake nema kuma ƙaruwa suke yi. Kafin ka taso, ka sama mata rumfa ko ɗaki, a ɗaga ta kan katako tayoyi su huta, a cire batir, a toshe bakin salansa saboda ɓera. Ka damƙa makullin ga mutum ɗaya mai amana, ya riƙa mayar da batir yana tayar da ita lokaci-lokaci, ba ta zama motar kai amarya ta unguwa ba. Duk gyaran da take buƙata, birki, lagireto, wayarin, kujeru, a yi shi a gida inda gwanayenta suke, ka kuma tara ƙananan kayanta da za su yi wuyar samu a nan. Idan ka gama karatu ka ga inda zama ya kama ka, in nan ne ka aiko a ɗauko ta, in gida za ka koma ka tarar da ita ba ka yi asarar ko kwabo ba.

Yanzu dai ka ɗauko mini hoton farantin nan, da lambar inji, da shafin farko na takardun, in duba maka ko sun dace da juna. Ka gaishe mini da Hajiya da sauran mutanen gida.