Maida majinyaci gida ba kashe shi ba ne

Ɗiyata, na ga saƙonki bayan isha'i. Kin ce a makaranta can Yamai an yi muku darasin ƙasashen da likita ke yi wa mara lahiya allurar mutuwa in ya roƙa, shi ne kike tambaya wai da muka ɗauko Kaka daga asibiti muka maido ta gida nan garin Tawa ba duk ɗaya ba ne. A'a wallahi, ba ɗaya ba ne.

Su can da doka suke yi. Holan da Beljik tun 2002, Kanada 2016, a Suwis kuma mutum shi ke shan maganin da hannunshi. Dries van Agt da ya taɓa zama firaministan Holan, a 2024 shi da matarshi suka tahi rana guda hannu cikin hannu, kowa shekara 93. Ranar ma su suka zaɓa, kin ji fa.

Mu ba mu sa rana ba. Likita ya jawo ni gefe ya ce Alhaji sai addu'a, ita kuma tsohuwa tun kwana uku take cewa ku kai ni ɗakina. Kwana 19 ta yi, babarki na ɗiga mata ruwa da cokali, ana juya ta kada bayanta ya yi miki, maƙwabta na shigowa da kunu wanda ko kurɓa ba ta iyawa, har daren da muka ga numfashi ya canza muka fuskantar da ita gabas ana laƙƙana mata kalmar shahada. Suratun Nisa'i aya ta 29 ta hana mutum kashe kanshi, Annabi (SAW) ma ya hana burin mutuwa don wahala. Amma barin maganin da ba ya ƙara komai daban ne, tun 1986 majalisar malaman fiƙihu ta zauna a Amman ta halatta cire na'urar numfashi in ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu.

Abin da ba ma faɗi shi ne, wasu gidajen ba likita ke sallamarsu ba, aljihu ne. Ordonans, wato takardar maganin da likita ya rubuta, ta fi ƙarhinsu sai su ce za su gwada na gida. Kuma ita Kaka ta sha zafi kwana biyun ƙarshe, na zagaya farmasi huɗu da babur ban samu maganin da aka rubuta ba. Wannan har yau yana cina.