Rim arba'in a farashi mai sauƙi: in zuba jarina ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon taya da tif a Kusiri, ta wajen hanyar gadar Ngeli. Yawancin masu saye a wurina direbobin kat-kat ne, wato motoci masu jan ƙafa huɗu, Hilux da Land Cruiser, masu zirga-zirga tsakanin Marwa da Injamena. Wani dillali ya kawo mini tallan rim arba'in na hannu da aka shigo da su daga Dubai, ya ce in kwashe duka a kan sefa 35,000 kowanne, amma ba zaɓe. Ya ce duk masu huji shida ne, kuma mai huji shida ba kat-kat ɗin da ba ya hawa. A nan ana sayar da ɗaya 50,000. Abin da ke hannuna miliyan 2 ne. A wata akan tambaye ni rim sau uku ko huɗu. Noti kuwa kusan kullum sai an tambaya, amma ban taɓa ajiye shi ba, don ina ganin ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kada ka kwashi kayan nan a kan sharaɗin da aka ba ka. Kalmomin nan biyu, "ba zaɓe", su ne duk cinikin, kuma maganar da dillalin ya ɗora a kai, wai mai huji shida kowace mota yana hawa, ba haka take ba.

Mu fara da kuɗin, da alƙaluman da ka bayar da kanka. Rim arba'in a kan 35,000 ya kama 1,400,000, wato kashi 70 cikin 100 na jarinka. Kafin uwar kuɗi ta dawo sai ka sayar da 28 a kan 50,000. Ko da duk wanda ya tambaya ya saya, mutum huɗu a wata, wata bakwai ke nan kuɗinka na jingine a bango, kuma a cikin watannin nan tayar da ka saba juyawa ba ka da abin saro ta. To a ce 14 daga cikin arba'in ɗin ba su dace da motocin da ke bin hanyarku ba, ko suna da tsaga. Saura 26, kuɗinsu 1,300,000. Ka yi dako, ka yi tsaro, ka tashi da faɗuwar 100,000. Kuma a kayan da mai su ya ƙi yarda a zaɓa, 14 ba adadi ne mai yawa ba.

Abin da ya sa na ce haka shi ne huji shida suna ne kawai, ba awo ba ne. Gaskiya ne yawancin motocin da kake gani sun yi tarayya a awo ɗaya, wanda ake rubutawa 6x139.7, wato ƙusa shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7. Hilux mai kat-kat, Prado, Land Cruiser 80, Nissan Patrol Y60 da Y61, Mitsubishi L200 da Pajero, Isuzu D-Max, Ford Ranger, duk a nan suke. Amma Nissan Navara D40, wadda ta fito a 2005, ita ma ƙusa shida gare ta, sai dai da'irarta 114.3 ce. Daga nesa ba ka bambance su, sai ka ɗaga rim ɗin ka kai bakin hob, wato ƙarfen da ƙusoshin ke jiki, ka ga huji ɗaya ya shiga, sauran sun kauce.

Ko da'irar ta yi daidai, akwai babban ramin tsakiya, wanda ke zama a kan wuyan hob. Na Hilux da Prado, ban da sabuwar Prado 250, milimita 106.1 ne. Na Ranger daga 2011 zuwa sama 93.1 ne. Na Pajero na baya-bayan nan da L200 na zamani 67.1 ne. Rim ɗin Pajero ba zai taɓa zama a kan Hilux ba, ramin ya yi masa kaɗan, komai kyansa. Na Toyota kuma zai shiga Mitsubishi, amma da sarari a tsakiya, ba abin da ke saita shi sai noti, kuma in ba a sa zoben cike gibi ba sitiyari yakan kama rawa da zarar mota ta ɗauki gudu. Direban ba zai ce zobe ne babu ba, zai ce Alhaji ya sayar masa da lanƙwasasshen rim. Na san wasu na kai wa masu injin juya ƙarfe su faɗaɗa ramin. Ni ba na ba da shawarar ka sa sunan shagonka a wannan aiki, musamman a rim na alminiyam.

Ga kuma wani abin da ya fi damuna da kayan nan. Ka ce masu Land Cruiser na cikin manyan masu saye a wurinka. Ƙasar nan ta Toyota ce tun ba yau ba, har yaƙin Cadi da Libiya na 1987 ma sunan Toyota duniya ta laƙaba masa. To Land Cruiser 78 da 79, waɗanda hukumomi da ƙungiyoyin agaji da 'yan kasuwa ke ɗora wa kaya, tun 1999 suka koma ƙusa biyar, 5x150, da ramin tsakiya 110. Haka Land Cruiser 100 da 200. Ke nan cikin arba'in ɗin nan ba ko ɗaya da zai yi wa mai 79 amfani, alhali shi ne mutumin da ya fi kowa lanƙwasa rim tsakanin Mora da Dabanga, kuma shi ne ba ya tsayawa dogon ciniki in ya samu abin da yake so. Sabuwar Land Cruiser 300 ta 2021 ta dawo ƙusa shida, amma da ƙusa mai kauri da ramin tsakiya 95.1, don haka ita ma gidanta daban.

Saura zurfi. Ka kifa rim ka goge bayansa da tsumma, za ka ga an buga rubutu kamar 16x7J ET30. Lambar da ke bin ET ita ce ke nuna yadda taya za ta nutse ciki ko ta fito waje. Hilux daga 2005 tana wajen 30, Land Cruiser 80 mai faffaɗan rim kuwa sifili. In ka sa mai nutsewa da yawa, taya na gugar ƙarfen ciki in an karya kan mota. In ka sa mai fitowa da yawa, tana gugar bodi in an yi lodi, tana kuma ƙara wa boris nauyi. Ƙaramin rim mai inci 15 kuma wani lokaci yakan taɓa birkin gaba a motocin da birkinsu ya fi girma.

Ba cewa nake ka kori dillalin ba. Ka gaya masa za ka zaɓa, ko da zai ƙara maka kuɗi. Rim goma sha biyu zaɓaɓɓu a kan 40,000 sun fi maka arba'in a kan 35,000. In ya yarda, ka je da kanka, da tsohon hob na Hilux daga wurin masu yanka mota, da ma'aunin milimita. Kowane rim ka zura shi a hob. Ka duba hujin ƙusa: in ya zama kamar ƙwai maimakon zagaye, an yi tafiya da shi noti a kwance, ka ajiye shi gefe. Na alminiyam ka shafa cikinsa da yatsa, ka nemi tudun walda da aka goge aka fesa wa sabon fenti. Rim na hannu da ya fi 'yan'uwansa ƙyalli shi ya fi cancantar bincike. Ka fi karkata ga na ƙarfe. A ramukan hanyar Waza, na ƙarfe lanƙwasa yake yi, mai faci ya buga shi da guduma a ci gaba da tafiya, na alminiyam kuwa tsagewa yake yi. In dillalin ya ce ko duka ko babu, ka yi masa godiya ku rabu lafiya.

Yanzu ga notin da ka raina. A ganina kasuwarka tana nan, ka bar ta tana wuce ƙofar shagonka kullum. Ribar ƙwaya ɗaya kaɗan ce, amma ba wanda ke sayen ƙwaya ɗaya har abada. Hilux ɗaya noti 24 take ɗauka, Land Cruiser 79 kuma 20. Kayan ba ya cin wuri, rana ba ta ɓata shi kamar yadda take busar da taya, kuma jarin da zai cika maka kanta bai kai kuɗin rim biyar ba. Abin da ake saye a wurinka a nan shi ne sanin wanne ne na wace mota, don a nan ne ake yin ɓarna.

Toyota mai ƙusa shida irin Hilux da Prado kafin 250 da Land Cruiser 80, da Mitsubishi da Isuzu da Ranger, zarensu M12x1.5 ne. Patrol Y61 da Navara da ƙananan Suzuki irin Jimny, M12x1.25 ne. Kauri ɗaya, tazarar zare daban. Ka ɗauki notin Toyota ka ɗaura a ƙusar Patrol, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu lafiya lau, sai ya cije. A nan yaron gareji yakan zura bututu a sufana ya hau da ƙafa, noti ya shige yana ƙara, kowa ya ɗauka ya ɗauru, alhali zaren ƙusa ya riga ya tafi. Land Cruiser mai ƙusa biyar kuwa M14x1.5 ce. Waɗannan uku su ne gishirin shagonka. Ka sa mai walda ya kafa maka ƙusa uku a kan farantin ƙarfe, kowace da sunanta a rubuce, ka ɗaure farantin a gaban kanta. Duk wanda ya zo da tsohon noti a aljihu, ka karɓa ka murza da yatsu. Inda ya sauka har ƙasa ba tare da sufana ba, nan ne gidansa. Minti ɗaya ba ya cika, kuma mutumin da ya ga an yi masa haka ba ya mantawa da shagon.

Bayan zare akwai gindin noti, wajen da yake zama a jikin rim. Na rim ɗin ƙarfe yawanci mai tsini ne, kusurwa 60. Rim na alminiyam na asalin Toyota kuwa notinsa mai wuya ne da wosha shimfiɗaɗɗiya. In aka sa mai wosha a rim ɗin da ke son mai tsini, ko aka juya, zai yi kamar ya ɗauru, amma gefe kawai ya kama, kuma gargada za ta kwance shi. Saboda haka ka mai da shi doka a shagonka: rim ba ya fita sai da notinsa. Ka haɗa kuɗin a ciniki ɗaya. Ka kuma duba kan notin da sufanar da ke cikin motar mai saye. Na Hilux na asali lamba 21 ne, na kasuwa da yawa 19 ne. Direban da tayarsa ta fashe a dajin Waza da yamma, ya ciro sufana ya ga tana juyawa a banza, ba zai yi maka addu'ar alheri ba.

Ka ajiye ƙusar kanta ma, don wanda notinsa ya lalace sau da yawa ƙusarsa ta lalace. Ka nemi wadda aka buga 10.9 a kanta, wato alamar ƙarfin ƙarfen. Noti mara nauyi mai hular gwangwani mai ƙyalli, ka bar wa wasu. Ruwan damina na shiga ƙarƙashin hular, ta kumbura, sufana ta ƙi shiga.

Wajen saro kaya, ka fara da kaɗan daga kowane iri, mafi yawa M12x1.5, sai M14x1.5, sai kaɗan na Nissan. Kafin ka saro, ka sa yaronka ya riƙa rubuta duk motar da ta tsaya da abin da aka tambaya, har wanda ba ku da shi, na tsawon wata guda. Littafin nan zai gaya maka abin da dillali ba zai gaya maka ba. In daga Najeriya kake sarowa, ta Gambaru da Fotokol ko ta Mubi, ka tuna sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, naira kuwa tana hawa tana sauka. Ka sa farashi a kan abin da za ka biya in ka koma saro wani, tare da kuɗin mota da na duwan, wato kwastan, kada ka tsaya a kan abin da ka biya wancan karon.

Akwai hidima guda da zan so ka ƙara. Ka sayi sufana mai awon ƙarfi, wadda ke yin ƙas in ɗauri ya kai. Hilux tana son wajen 105 Nm a awon ƙarfin ɗauri, kuma kowace mota awonta na cikin littafinta. A ɗaura a bushe, ba man inji ba giris, a bi ƙusa tsallake-tsallake, wannan sai ta gabanta. Ka ce wa duk wanda aka canja wa rim ya sa a sake duba ɗaurin bayan kilomita 50 zuwa 100, in ya biyo ta wurinka kyauta ne. Mai zuwa Injamena ya dawo dole ta ƙofarka zai bi, kuma yana tsaye ana duba masa noti kai kana duba masa taya.

Tsofaffin Land Cruiser masu rim mai zobe, irin wanda ake sa wa tif da taya 7.50R16, su ma ana nemansu, amma ka ja kunnen mai facin da ke aiki a gaban shagonka: kada ya tsaya a saitin zoben yana ba da iska, don in bai zauna daidai ba yakan fizge da ƙarfin da ke kisa.

Ta fuskar rabon kuɗi, da ni ne zan bar aƙalla rabin miliyan biyun a cikin taya da tif, tunda su ka sani kuma su ke juyawa. Abin da bai wuce 500,000 ba ya tafi rim zaɓaɓɓu, cikinsu har da masu huji biyar na 79 in ka samo a Marwa ko Garwa. Wajen 200,000 ya isa noti da ƙusa da sufanar awo da farantin gwaji. Ragowar ka riƙe a hannu, don dillalin nan, in kayansa suka kwana biyu ba su tashi ba, mai yiwuwa ne ya dawo ya ce ka zo ka zaɓa.