Filin Amsa Wasiƙu: Littafin da ke ƙarƙashin katifa

TAMBAYA: Salamu alaikum, Malam. Ɗana da ke sakandare ya sayo wani tsohon littafi a wurin masu shimfiɗa littattafai a bakin titin Adum. Na yaƙin Yaa Asantewaa ne, wai matar gwamnan Bature ce ta rubuta shi. Yana karanta mini yana fassarawa, ba abin da nake ji sai raina baƙar fata. Abin da ya fi ci mini rai, ko'ina sai a ce sojojin Hausa ne suka tsare wa Turawa ganuwarsu ta Kumasi. Har abokansa Asantawa sun fara yi masa tsiya. Na ƙwace na tura ƙarƙashin katifa. Na yi daidai?
Wata uwa, daga Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ɗaga katifar ki mayar masa da abinsa. Yaron da ya cire kuɗin kokonsa ya sayi littafin tarihi a wannan zamani, ai addu'a ya kamata a yi masa.

Na san littafin. Matar Gwamna Hodgson ce ta fitar da shi a 1901, kuma ba ki ji ƙarya ba, akwai raini a ciki. To amma duba wace ce ke magana. Mijinta ne ya zo Kumasi, ran 28 ga Maris 1900 ya tara manyan Asante ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, wadda Asantawa suka ɗauka ran al'ummarsu, shekara huɗu bayan an kama Sarki Prempeh na Ɗaya an fitar da shi daga ƙasarsa. Wannan magana ce ta kunna wutar. Daga ƙarshen Afrilu aka yi wa ganuwar ƙawanya, ita da mijin suna ciki, sai ran 23 ga Yuni suka samu suka fice da kyar. Macen da ta ga wannan tashin hankali, mijinta kuma shi ake ɗora wa laifi, kina jin za ta zauna ta rubuta yabon Yaa Asantewaa, wadda ta jagoranci Asantawa a yaƙin?

Abin da ake nema a irin wannan littafi shi ne abin da idonta ya gani: yadda abincin soja ya koma ɗan biskit da naman gwangwani, yadda dubban masu neman mafaka suka yi sansani a gindin bango yunwa tana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yadda Asantawa suka datse kowace hanyar shiga gari da shingen gumagumai. Wannan shaida ce, kuma mai raina ka in ya faɗi ƙwazonka ba don yana so ba, shaidarsa ta fi ta masoyi nauyi. Hukuncin da ta yanke wa mutane kuwa, a tsince shi a zubar, kamar yadda kike tsince tsakuwa a wake kafin ki ɗora tukunya.

Maganar sojojin Hausa kuma, kada a ɓoye wa yaro, da gaske ne. Kyaftin Glover ya kafa rundunarsa a Legas a 1863, yawancinsu Hausawa da suka gudo daga bauta, kuma da su ya zo yaƙin 1874, lokacin da Janar Wolseley na Ingila ya ƙone Kumasi. A 1879 aka kafa irin wannan runduna a nan ƙasar, wato Gana ta yau. Kafin 1900 ta cika da Gurunsawa da Mosawa da Dagombawa da sauran mutanen arewa, da yawansu harin mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin jagoransu Babatu ne ya raba su da gidajensu. Hausa ce harshen bariki, Bature kuwa duk wanda ya ji da ita a baki, Bahaushe yake rubutawa. Ban kawo wannan don a wanke kowa ba. Akwai namu a cikinsu, sun karɓi albashi, sun yi harbi. Su ne kuma aka bari a ganuwar suna mutuwa da yunwa bayan gwamna ya tsira, har Kanar Willcocks ya iso ran 15 ga Yuli.

In abokansa suka sake yi masa tsiya, ya tambaye su su wa suka rubuta layun da ke jikin rigar yaƙin Asantehene, sarkin Asante. Malaman Musulmi ne, kuma suna Kumasi tun kafin Bature ya san hanyarta. Ran Asabar ki ba shi kuɗin mota su tafi ganuwar tare, tana nan ja wur a Adum, yanzu gidan tarihin soja ce. Su auna faɗin filin cikinta da ƙafa, sannan ya dawo ya sake karanta babin yunwar.

TAMBAYA: Baba Malam, kakana ya yi yaƙin Bama, muna da lambarsa a cikin gwangwanin madara. Na karanta littattafai biyu masu kauri a kan yaƙin, daga janar sai taswira da kibiyoyi. Ni dai na ce ɓata kuɗi ne.
Wani tela, daga Asawase

AMSA: Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Manyan littattafan yaƙin duniya na biyu sukan ba sojan Afirka layi biyu su wuce. Ka nemi waɗanda aka rubuta musamman a kan runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Kafin ka biya, buɗe jerin sunayen da ke bayan littafin ka duba ko akwai Kaladan da Myohaung, inda mutanenmu suka gwabza da Japanawa a 1944 da Janairun 1945. In babu, ajiye wa mai shi kayansa. Taken rundunar kakanka ma da Hausa yake, Kullum Shiri. Ka kuma bi labarin har gida, zuwa 28 ga Fabrairu 1948, ranar da aka harbe tsofaffin sojoji uku a Akra suna kan hanyar kai wa gwamna kukansu. Lambar nan kuwa, ka fitar da ita daga gwangwanin kafin tsatsa ta cinye rubutun.

TAMBAYA: Malam, a ganina littattafan tafiye-tafiye na Turawa ba su da amfani gare mu. Mutum ya kwana uku a gari ya koma ya rubuta shafi ɗari biyar. Mu me ya sa namu ba su rubuta komai ba?
Wata malamar makaranta, daga Tsohon Zango

AMSA: Malama, a nan kam mun saɓa. Sun rubuta, mu ne ba mu karanta ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tashe shi ya koma Kete Krachi har rasuwarsa a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da ajami a kan zuwan Nasara, kuma ya rubuta wa wani jami'in Jamus mai suna Mischlich labaran ƙasar Hausa da Hausa. Tsohon garin da ya zauna yanzu yana ƙarƙashin ruwan tafkin Volta, amma rubutunsa ya tsira. Wani Malam Abu kuma ya rubuta labarin Zabarmawa da yaƙoƙinsu wajen 1914. Cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Legon ta tara irin waɗannan takardu tun shekarun 1960. Cikin ɗalibanki nawa ne suka taɓa jin sunan ɗaya daga cikin mutanen nan biyu?

Su ma Turawan, ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai na kwana uku da kika faɗa, waɗannan ni ma ba na gama su. Amma Bowdich da ya zo Kumasi a 1817, da Dupuis da ya biyo shi a 1820, zamanin Sarki Osei Bonsu, sun zauna da malamai da fatake suna tambayar hanya. Dupuis ma ya buga takardun Larabci da Musulmin Kumasi suka rubuta masa, zango bayan zango, ta Salaga zuwa ƙasar Hausa har Makka. Wato ilimin fataken goro ne, sunan Bature a bango. Ni daga baya nake fara karanta irin waɗannan littattafai, daga ratayen da kowa ke tsallakewa.

Kin ce kina koyarwa, to ga aiki. Ki sa kowane ɗalibi ya zauna da tsohon da ya fi kowa shekaru a gidansu da waya a hannu, ya ɗauki muryarsa: daga wane gari aka taso, ta ina aka bi, wa ya sauke su da suka iso zango. Ki aiko mini da guda biyar da suka fi daɗin ji, zan roƙi edita ya ba mu shafi a fitowa ta gaba.