Ku Tambaya Mu Amsa: Kimiyya a Firamare Ba Tare da Ɗakin Gwaji Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da aji 4 na firamare, ɗalibaina sun kai 70. An ce sabuwar manhajar da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025 tana so yara su riƙa aiki da hannunsu, mu kuwa ba mu da ɗakin gwaji, ba kayan aiki. Ta ina zan fara?
Wata malama, Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Manhajar da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa (NERDC) ta tsara ta rage yawan darussa, amma rage darussa kaɗai ba zai gyara koyarwa ba muddin malami yana cika allo da rubutu yara suna kwafa. Abin da gogaggun malamai ke nanatawa shi ne yaro ya fara faɗin abin da yake zato, sannan ya gwada, ya auna da kansa.

Ki fara da tsirar wake. Ki raba yaran rukuni 7, kowanne mutum 10. Kowane rukuni ya kawo robar ruwa 4 a yanke su rabi, a sa auduga ko tsumma a ƙasa, sannan ƙwayar wake 5 a kowace. Ta farko a jiƙa audugar a ajiye bakin taga. Ta biyu a bar ta a bushe. Ta uku a nutsar da waken cikin ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba cokali ɗaya na man gyaɗa a sama don ya toshe iska. Ta huɗu a jiƙa ta, a rufe cikin kwali mai duhu.

Kafin komai, ki tambaye su wace roba ce za ta tsiro, kowa ya rubuta amsarsa. Yawancinsu za su ce ta cikin duhu ba za ta yi ba. Cikin kwana 3 zuwa 5 sai ga ta ta tsiro, doguwa siririya, launinta rawaya-rawaya. Wannan mamakin shi ne darasin: iri yana bukatar ruwa da iska da ɗumi kafin ya tsiro, haske kuwa ganye ne ke nemansa daga baya. Kullum da safe yaro ɗaya daga kowane rukuni ya auna tsawon tsiron da rula, a rubuta a santimita.

Abubuwan da ke ɓata aikin sanannu ne. Waken da ƙwari suka huda ba ya tsirowa, don haka ki tsince shi tukuna. Ruwa ya yi yawa, waken ya ruɓe. Audugar ta yi danshi kawai, kada ruwa ya kwanta. Lokacin hunturu kuma audugar kan bushe kafin a tashi, sanyi ya jinkirta tsirar, sai a yayyafa ruwa safe da rana. Ki fara ranar Litinin, don kada tsirar ta faɗo a ƙarshen mako ba mai gani.

TAMBAYA: Na haɗa batir da waya da ƙaramin ƙwan LED a gaban 'yan aji 5, ya ƙi kamawa. Me ya jawo?
Wani malami, Azare

AMSA: Malam, abu biyu ne suka fi jawo haka. Batir ɗaya volt 1.5 yake bayarwa, farin LED kuwa yana bukatar wajen volt 3, sai ka jera batir biyu kan ɗaya yana taɓa gindin ɗaya. Sannan LED hanya ɗaya yake karɓar wuta: doguwar ƙafarsa ita ke zuwa ɓangaren da ke da alamar +. Ka kankare bakin wayar har jan ƙarfen ya fito fes. Kuma ka ja wa yara kunne sosai kada wani ya je gida ya gwada wannan a soket ɗin bango.